Wuyan Babanku da Wuyan Goggonku

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Likita, bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sauke ka lafiya a ƙasar da ka nufa, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare ka daga sharrin hanya da na masauki. Na sa takardar nan a ƙarƙashin ƙunshin kilishi ne, don na san ko ba ka buɗe komai a akwatin ba, shi dai za ka buɗe. Ka yi haƙuri da rubutun. Hannun 'yar yaƙi da jahilci ne, idon kuma ya fara gajiya.

Kai ɗan fari ne, ka san ban iya zama in dube ka in yi maka doguwar magana ba. Shekara ashirin da bakwai muna gida ɗaya, zancenmu bai wuce ga abincinka nan, Allah ya kiyaye hanya. To yau takarda za ta ɗauke min kunyar. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne kunnenka na hagu. Tun cikin azumi nake lura da kai. In ƙanwarka ta yi maka magana ta hagu, sai ka juyo da fuskarka gaba ɗaya kana tambayar me ta ce. Hancinka kullum a toshe, kana ɗora wa mura laifi, murar da ta ƙi tafiya watanni. Sau biyu kuma ina ganin ɗigon jini a hankicinka cikin kayan wanki. Haka na babanku ya fara, kuma ta wannan ɓangaren.

Na san karatun da za ka je yi, ko da yake ba ni ka yi wa bayani ba. Ina madafa ranar da Goggo Rabi ta zo ka ɗebi jininta, kuma ƙofar madafar a buɗe take. Na ji ka ce mata, "Goggo, ke da Baba uwa ɗaya uba ɗaya, ciwo ɗaya ya kama ku a wuri ɗaya, ke kin tashi shi bai tashi ba. A asibiti ma muna ganin ciwon dajin nan na kai da wuya ya fi kama maza, in ya kama mata kuma kamar sun fi jure masa. Ana zaton akwai wasu alamomi a cikin ƙwayoyin halittar mutum, waɗanda yake gada, da za su iya nuna wanda ciwon zai yi wa sauƙi da wanda zai tsananta masa. Su nake so in koyi karantawa." Ita kuwa ta ce, "To ka duba da kyau, in ka ga alamar baki a ciki tawa ce, ba gado ba ce." Kuka yi dariya.

Na gane maganarka fiye da yadda kake zato. Babanku in aka sauke dila, gefen atamfa kawai yake dubawa, ya gaya maka wadda za ta zuba a wankin farko da wadda za ta kai ga jika. Ban musa ba, watakila Allah ya sa wa mutum ma irin wannan rubutu a jikinsa, kuma ina fata ka iya karanta shi. Sai dai akwai abin da jinin Rabi ba zai gaya maka ba, ni kuwa na san shi, kuma bai kamata ka tafi ba tare da shi ba.

Abin ya faru ne a shekarar da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula, kana da shekara bakwai. Yanzu ga shi sun sake miƙawa, rediyo na ta irin surutun da ya yi a wancan karon, shi ya sa komai ya dawo min sabo. Faggen lokacin ba ka san ta ba sai da idon yaro. Gidan haya muke, tsakar gida ɗaya da wata Bayarabiya mai ƙosai, ƙamshin manja ke tashinmu da safe, sai kukan jirgin ƙasa daga tasha ya biyo baya, har ni da ban taɓa shiga jirgi ba na san na Ikko na san na Nguru. Babanku yana da shago a layin 'yan atamfa. In ya dawo da yamma a kan Besfarsa, warin sabon yadi ke riga shi shigowa soro. Ya ɗora ka a gaba, ka riƙe madubi da hannu biyu, ku tafi Sabon Gari sayen burodi mai zafi, ku dawo kun cinye rabi a hanya kuna rantsuwa haka aka sayar muku. Mutum ne mai son dariya, mai sanyin murya, bai taɓa sa sigari a baki ba, ko goro sai an matsa masa. Ina kewarsa har gobe, kuma ban taɓa faɗa wa ɗayanku haka ba.

A shekarar kasuwa ta buɗe irin buɗewar da ba mu taɓa gani ba. Kowace jam'iyya na son anko, mata na ɗinkin zuwa taro, diloli na sauka da safe a kwashe su kafin la'asar. Ni ma kekena bai huta ba. Cikin wannan hidima ya fara cewa kunnensa ya toshe, muka ce ruwan alwala ne ya shiga. Sai haɓo, muka ce zafin rana. Wata rana yana aske gemu a tsakar gida ya kira ni ya ce, "Asabe, zo ki taɓa nan." Na taɓa ƙasan kunnensa, na ji wani ɗan ƙululu bai fi ƙwayar gyaɗa ba, mai tauri, ba ya motsi. Na tambaye shi ko da zafi, ya ce ko kaɗan. Ya ce, "Bari a gama zaɓe in je a duba." Na ce gaskiya ne, abin da ba ya ciwo ai zai jira. Zaɓen kuwa ba ɗaya ba ne, wannan na ƙarewa wani na tasowa, da aka gama aka ce sai an rantsar da sababbi, da aka rantsar ga ɗinkin sallah ya zo. Ni da ya kamata in tsaya masa a kai, ni ce mai tuna masa odar da ba a kai ba.

Rashin zafin nan shi ya yaudare mu. Kai ka fi ni sanin haka a littafi, amma na ji ka da kunnena kana ce wa ƙanwarka, bari ka je ka zauna tukuna, in karatu ya lafa sai ka nuna wa wani. Karatu ba zai lafa ba, kamar yadda kasuwa ba ta lafa ba. Ka je a makon farko, tun ba ka san hanyar masallaci ba ka san hanyar asibiti. Kuma ka je a matsayin mara lafiya, ka karɓi kati, ka zauna a benci, ka bari wani ya duba ka. Kada ka tsaya gaban madubi ka duba kanka ka ce ba komai, wannan dubawar ba na karɓar ta.

Kafin sallar layya ƙululun ya kai girman lemon tsami. Masu sayayya suka fara kallon wuyansa maimakon atamfa, shi kuma abin na damunsa, ga shi mutum mai tsafta da son ado. A nan na yi abin da a lokacin na ɗauka ƙauna ce. Na kwance wuyan kaftanansa duka na ɗaga su, na yi musu aiki mai kyau har ba mai cewa gyara ne. Na zaɓo masa farin hirami mai laushi, na nuna masa yadda zai yafa ya sauko ta hagu. Abokan kasuwa suka fara tsokanarsa wai ya zama malam, yana dariya, ni kuma ina jin daɗi a raina cewa na rufa wa mijina asiri. Muna ta shafe-shafe da hayaƙi da duk abin da aka kawo aka ce an gwada. Wata nawa muka ci a haka, abin na girma a ƙarƙashin ɗinkina.

Ka ji ni da kyau a nan. Namiji ba ya iya ɓoye ciwo shi kaɗai, sai da mai taya shi. Akwai mai wanke hankicin, akwai mai amsa wa baƙi cewa ya ɗan kwanta ne. In ka zauna da marasa lafiyarka kana rubuta shekarunsu da abin da ka gani a jininsu, ka ƙara tambaya biyu: yaushe aka fara ganin abin, kuma wa ya ce a dakata. Ka tambayi matar ita kaɗai, ba gaban mijin ba, ka tambaye ta a hankali. Za ka sha mamakin bambancin ranar da shi ya faɗa da ranar da ita za ta faɗa. In ba ka rubuta wannan ba, za ka ɗora wa jini laifin da hirami ya yi.

Rabi ce ta tona mu. Lokacin aurenta ya mutu, tana sayar da kayan miya a kasuwar Sabon Gari. Ta zo wata Juma'a ana zafi kamar me, ta tarar da shi a zaune da hirami. Ta ce, "Yaya, wai sanyi kake ji ko limanci aka ba ka?" Kafin ya amsa ta ja abin ya faɗo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta kalle ni. Washegari ta dawo da maƙwabciyar rumfarta, Mama Ngozi, wadda ta yi aikin nas kafin yaƙin basasa, ta dawo Kano ta kama sayar da busasshen kifi. Matar nan ta wanke hannu, ta taɓa, ta ce, "Alhaji, wannan ba na shafawa ba ne. Ka je asibiti gobe, ba jibi ba. Ni zan raka ka in kana so." Ya je. Likita ya leƙa hancinsa da maƙogwaronsa, ya ce sai an yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji kafin a san abin yi, ya rubuta masa ranar dawowa a kati.

Ranar ta zo, bai je ba. Abin da aka gaya maka ke nan tun kana yaro, kuma haka aka yi. Ka san abin da mutanenmu ke cewa, daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya fusata ya bazu. Kowa a layinmu ya yarda da haka, har masu boko. Babanku ya ƙara shekara guda da 'yan watanni. Ciwon kai ya zo, ido ɗaya ya karkace, muryar nan mai sanyi ta koma ta hanci har ba ka gane abin da yake faɗa. Ka daina hawa Besfa, ka koma zama a bakin ƙofar ɗaki kana leƙensa. Da aka kai shi asibiti daga baya suka ce an makara. Ya rasu da hantsi, ranar Talata, farkon damina.

Shekara huɗu bayan nan Rabi ta shigo gidan ko zama ba ta yi ba, ta ɗaga ɗankwali ta ce, "Taɓa nan." Ƙwayar gyaɗa ce, a wuri ɗaya da nasa. Kwana uku da ganinta, amma duk layin masu kayan miya sun riga sun taɓa, kowace ta faɗi nata, Mama Ngozi kuma ta riga ta karɓo mata kati. Ni da ban koyi komai ba, na kama hannunta na ce ta rufa mana asiri kada ta bari ƙarfe ya taɓa wurin. Ta zare hannunta ta ce, "Asabe, Yaya bai bari ƙarfe ya taɓa shi ba. Yana ina yanzu?" Aka yanka, aka gwada, aka ce daji ne, aka ce sai Ikko, can ne ake da injin da ake gasa ciwon da shi.

Ni na raka ta, kai da ƙanwarka muka bar ku wajen kakarku. Ranar na fara shiga jirgin da na yi shekaru ina jin kukansa. Mun yi guzurin dambun nama da soyayyen gari, Rabi na zaune bakin taga tana ciniki da masu talla a kowace tasha kamar biki za mu, ni ina gefe ina jan carbi, na tabbata gawarta zan dawo da ita. Mun sauka gidan wata 'yar'uwar Mama Ngozi, ta ba mu ɗaki da tabarma, ba ta san mu ba ba mu san ta ba, Allah ya saka mata. Mako shida muna zuwa asibiti kowace safiya. Wuyan Rabi ya yi baƙi ya saɓule, yawu ya ƙafe, abinci ya daina yi mata ɗanɗano, ta rame har zanenta na zagaye ta sau biyu. Amma ƙululun ya fara raguwa ina gani da idona, har na taɓa na rasa shi.

A bencin jira na ga abin da ya tsaya min. Ban ƙirga ba, ni ba mai bincike ba ce, amma maza da yawa da na gani a wurin sun zo ne da abu kamar kan jariri a wuya, kowanne da rawani ko tawul ko babbar kwala, kowanne kuma da mace a gefe tana gyara masa. Ina kallonsu ina ganin kaina. Kada ka ɗauka ina cewa mata sun fi wayo ne. Mata nawa ne a Fagge suka mutu a ɗaki don ba a ba su izinin fita ba, ba su ma kai bencin ba balle a rubuta su. Rabi ta tsira ne, bayan ikon Allah, don tana da sana'arta, ba ta da wanda za ta tambaya, kuma ba ta iya riƙe magana a ciki ba. Ko akwai wani abu a jininta da ya taimaka, wannan kai za ka gaya mana. In ka gano, ka rubuto mata da Hausa, a karanta mata. Jininta ta ba ka, tana da haƙƙin ta ji abin da ya ce. Ga ta nan shekara goma sha huɗu, da gorar ruwanta a hannu, haƙora sun zube, bakin bai mutu ba.

Saura abin da na yi ta zagaye tun farkon takardar nan. Ranar da ka gama makarantar likita, na ji ka ce wa abokinka a soro, da Baba bai yi taurin kai ba da yana nan. Dangi ma haka suke faɗa, kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Likita, babanku bai yi taurin kai ba. Ranar da aka rubuta masa a kati ya tashi ya yi wanka, ya sa farin kaftani, ya sa katin a aljihu, ya turo Besfa har soro. Ni na sha gabansa. Na tsaya a bakin ƙofa na riƙe kan mashin ɗin ina kuka, na ce masa ƙanwar innata wuƙa aka sa mata ba ta yi wata uku ba, na ce in ya tafi ya bar min marayu ne da hannunsa. Ya ce, "Asabe, likitan ya ce ɗan kaɗan za su ɗiba." Na ƙi sakin mashin ɗin. Ya daɗe yana kallona, kuma shi mutum ne da bai taɓa iya ganin hawayena ba. Ya ce, "To shi ke nan, tunda hankalinki bai kwanta ba, a bar shi." Ya jingine Besfar, ya cire hula, ya koma ciki.

Da Rabi ta zo da yamma tana faɗa, ina tsaye a wurin ya ce mata shi ne ya fasa, ra'ayinsa ne, kada ta ƙara tayar da maganar. Haka ya gaya wa kowa har ya koma ga Allah. Ko a kwanakin ƙarshe, da na zauna kusa da shi na fara cewa ya yafe min, sai ya ɗaga hannu ya hana ni ƙarasawa. Shi ya rufa min asiri, ni kuma na bar ka kana jin haushinsa shekara ashirin, don ina tsoron ka juyo da haushin kaina. Ban sani ba ko da ya je ranar da ya rayu, wannan sanin na Allah ne. Abin da na sani shi ne ya so ya je. Ka yafe masa abin da bai yi ba, ni kuma in ka ga dama ka yafe min.

Saboda haka ga abin da nake nema a wurinka. In sun duba sun ce mura ce, alhamdu lillahi, ka rubuto ka yi min dariya, na yarda. In sun ce sai sun yanki nama, ka ba su wuya su yanka, kada ka jira izinina, na bayar tun yanzu. Kada ka rubuto min lafiya lau don hankalina ya kwanta, na gaji da irin wannan kwanciyar hankalin. Ka rubuto abin da likitan ya faɗa yadda ya faɗa. Kuma duk ranar da aka rubuta maka a kati, nan gaba ko yanzu, in wani mai ƙaunarka ya tsaya maka a ƙofa yana kuka, ko matarka ce, ko ni ce, ka janye hannunsa a hankali ka wuce.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya sa abin da nake tsoro ya zama ba shi ba ne. Allah ya buɗa maka karatu, ya sa mutane su amfana da shi, ya dawo mana da kai a kan ƙafafunka. Allah ya jiƙan babanku, ya haskaka kabarinsa. Ƙanwarka da Goggo Rabi suna gaishe ka. Na bar ka a hannun Allah.

Wassalam.

Innarka,
Fagge, Kano.